Dutsen Taimamar Baba Audi

Asabar, 3 ga Fabrairu

Na same shi! A busasshen rafi can bayan Rigasa, bayan yini guda ina tone-tone har tafin hannuna ya yi bororo. Farin dutse ne, bai wuce cikin hannu ba, gefe guda sumul. A ɗaya gefen wani ɗan ma'adini ya leƙo, ruwan hoda, mai kusurwa shida. Wuƙa ba ta karce shi ba, shi kuwa ya karce kwalba. Zuciyata ta ce beril ne, ma'adini mai daraja irin wanda ba a cika gani ba. Na rubuta masa lamba da jan fenti, na naɗe shi a tsumma.

Litinin, 5 ga Fabrairu

Dokta Nuhu, mai duba aikina na shekarar ƙarshe, ya daɗe yana kallon hoton a wayata. Ya ce in kawo dutsen kafin ƙarshen wata a yanka shi a gwada. In ya tabbata, aikina ya tsaya da ƙafafunsa. In babu dutse, sai in sake wani aikin daga farko.

A gida na ba da labari. Gwaggo Delu ta ce yanzu duk karatun nan tsintar duwatsu ake koya mini?

Alhamis, 8 ga Fabrairu

Raina ya ɓaci.

Na dawo babu dutse a kan taga. Ashe Gwaggo ce ta ɗauka, ta sa soso da sabulu ta goge lambar tas, ta kai wa kakana, Baba Audi. Wai tun da ɓarin jikinsa ya shanye ruwa ke tayar masa da rawar ɗari, ga dutse mai santsi yana zaman banza, ai sai ya yi taimama. Zaman banza! Ko tambayata ba a yi ba. A gidan nan kayan kowa na da mai shi, ban da nawa.

Na ce zan karɓo. Ta ce in shiga in ƙwace daga hannun kakana in ina da tsaurin ido.

Lahadi, 11 ga Fabrairu

Na je wurin limamin layinmu a nan Unguwar Kanawa da dabarata. Na taɓa ji ba a taimama da dutse mai daraja. Ya tambaye ni, wanne gefen tsohon yake shafawa? Na ce farin. Ya yi murmushi ya ce to ai dutse ne kamar kowanne. Har shi ma ya bi bayan Gwaggo.

Talata, 13 ga Fabrairu

Na samo wani farin dutse mai girmansa, na wanke, na musanya Baba Audi yana barcin rana. Ba sata ba ce, kayana na ɗauka. Idonsa ma ba ya gani sosai.

Laraba, 14 ga Fabrairu

Da azahar ina tsakar gida na ji yana kira. Ya juya sabon dutsen a hannunsa mai lafiya, yana laluben bayansa da babban yatsa.

"Fiddausi, wannan ba nawa ba ne. Nawa yana da ɗan ƙashi a baya, mai gefe shida. Shi nake murzawa in zaman ya ishe ni."

Mutum goma sha a gidan nan, ba wanda ya kalli dutsen sau biyu. Shi da ba ya gani ne ya ƙirga.

Na ce ban san inda yake ba. Ya ajiye sabon, ya miƙa hannu zai dafa bango ya yi taimamarsa a can, sai jikin ya rinjaye shi. Da ban tare shi ba da ƙasa zai sha. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Yaushe ya rame haka?

Dutsen yana cikin jakata. Gobe zan kai makaranta. Hakkina ne.

Alhamis, 15 ga Fabrairu

Ban je ba. Kaina ke ciwo.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Na koma rafin, na bi shi sama da ƙasa. Babu ko ɓarɓashi. Da na ce wa Dokta Nuhu babu dutse, ya ce wannan sakaci ne, kuma sabon aiki zai iya ja mini ƙarin zango. Ban yi masa bayani ba, me zan ce?

Har yanzu ina jin haushin Gwaggo, kar ta ɗauka na huce. Kuma dutsen da na mayar wa Baba Audi, aro na ba shi, ba kyauta ba.

Yau da la'asar hannun nasa ya kasa ɗaukar dutsen. Ni na riƙe masa, na kama ɗaya hannun na ɗora. Da ya idar ya tambaye ni sunan ɗan ƙashin. Na faɗa masa, ya maimaita sau biyu, bai faɗa daidai ba.

Ban sake rubuta lambar ba. Fentin zai ɓata masa hannu.