Ruwan Mutum Ɗaya

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Na san za ki ce me ya hana ni kira. Shekara talatin da biyu na yi ina tantance wasiƙun mutane a gidan waya, ga shi kunnena ya yi nauyi, in kina magana sai in ji kamar daga rijiya kike. Ki daure ki karanta.

Zafi ya kai zafi a nan. Famfo Talata da Asabar kawai yake zuwa, shi ma kamar ana roƙonsa. Duro ɗaya da jarka biyu nake tarawa, kuma ni sun ishe ni. Wadda ba su isa ba ita ce bishiyar lemun tsamin da mahaifiyarki ta dasa a tsakar gida shekarar da kika bar gidan nan. Wannan ce bazarar farko da ta same mu babu mai ita. Ganyen ya koma rawaya, kullum sai na share rabin kwando.

Ba zuba ido na yi ba. A cikin baho nake tsayawa in yi wanka, in kwashe ruwan in kai mata. Ruwan wanki ma duk nata ne. Amma kullum baya take yi. Me mahaifiyarki take mata da ban sani ba? Shekara shida ina wuce ta tana fama da bokiti, ban taɓa tsayawa na duba ba.

Allah ya yi muku albarka.
Mahaifinki

*

Zuwa ga Baba,

Ina gaishe ka da ladabi, ya zafi, ya ƙarfin jiki?

Baba, ruwan garin sabulun nan shi ke ƙona ta. Bokiti biyu Mama take da su. Baƙin na ruwan wanki ne, na banɗaki da yayyafa tsakar gida. Shuɗin na ruwan wanke shinkafa da ganye da ɗaurayar kwanuka, shi ne na bishiya, kuma sai rana ta yi sanyi take zubawa. Ganyen da kake sharewa a gindinta take tarawa don ƙasa ta riƙe danshi.

Amma ba wannan ya dame ni ba. Direban da ya kawo wasiƙarka ya ce ya same ka leɓe a bushe, kana juye jarkar ruwan shanka a gindin bishiya. Ka manta abin da likita ya ce a kan ƙodarka? Ɗakinka yana nan gidanmu a gyare tun bayan rasuwar Mama, kai ne ka ƙi zuwa. To mu yi haka: in ta yi sabon toho kafin ƙarshen wata, ba zan sake tayar da maganar ba. In ba ta yi ba, ka rufe gidan ka dawo wurinmu. Kuma ruwan sha ba ya cikin lissafi.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Auta

*

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Direban nan bakinsa ya fi motarsa gudu. Na yarda da sharaɗinki, kuma ina shan ruwana.

Na samo shuɗin bokitin a bayan kicin, na yi duk yadda kika ce. Sai ga wata matsala. Yini guda ina tarawa, ruwan ko gindin bokiti bai rufe ba. Kwano ɗaya nake wankewa, kofi ɗaya, cokali ɗaya. Shinkafar da nake dafawa ba ta cika tafin hannu biyu ba. Da, kafin rana ta take bokitin nan ya cika, saboda mahaifiyarki ba ta iya girkin mutum biyu ba, kullum da wanda zai shigo ya ci. Ashe duk don ita suke zuwa. Na zauna ina kallon ɗan ruwan nan, ba zan ɓoye miki ba, kuka na yi. Kaɗaici ya ishe ni.

Washegari na ɗauki bokitin na shiga gidan tela, maƙwabcinmu. Shekara ashirin katanga ɗaya ce tsakaninmu, amma gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ki dube ni da furfurata ina roƙon ruwan wanke-wanke. Matarsa ta fara dariya, da ta gane bokitin sai ta miƙo hannu. Ta ce, "Na marigayiya ne wannan. Kawo, Baba." Su goma sha ɗaya ne a gidan. Yanzu kullum da yamma cike nake ɗauko shi, ina tafe ina hutawa.

Ki gaishe da yara.
Mahaifinki

*

Baba,

Ina gaisuwa. Saura kwana uku wata ya ƙare, mako biyu ke nan ban ga takardarka ba. Kullum sai na tambayi direba. Ni kam na rasa addu'ar da zan yi. In ta mutu na same ka, in ta rayu na rasa ka, kuma bishiyar Mama ce. Ka rubuto ko layi ɗaya ne.

'Yarka, Auta

*

Auta,

Ta yi toho. Ganye uku, ƙanana, a reshen da ke kallon ɗakin mahaifiyarki. Jiya da safe na gan su. Na ci gardamar.

Da na gani, sai na juya da sauri in kira mutum ya zo ya duba. Har na buɗe baki. Na daɗe a tsaye a tsakar gidan.

Tela ya huda katanga daga ƙasa ya sa ɗan bututu, ruwan ɗaurayarsu zai riƙa gangarowa gindinta kai tsaye. Na bar wa matarsa mabuɗi da bokitin. Bishiyar ta samu gida mai mutane, saura ni.

Ki turo direba ran Asabar, amma sai bayan famfo ya zo. Ina so in bar duron a cike.

Mahaifinki