Wai Ƙarfe Ba Ya Taɓa Daji

Salam 'yan uwa, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma in faɗa tun yanzu, ba "yi haƙuri" na zo nema ba.

Maigidana yana aiki a wani kamfani a Idu, 'yarmu ɗaya, ko yaye ban yi ba. Tun bayan sallah yake tari, ya rame har sai da na ƙara huda masa bel. Ni ke wanke hankicinsa, ni na fara ganin jini, shi yana ɓoyewa.

A asibiti aka yi hoto, likita ta ce akwai kumburi a huhunsa kusa da haƙarƙari, suna zargin ciwon daji ne, wato kansa, amma ba tabbas, sai an sa siririyar allura an ɗebo 'yar tsoka an gwada. Na ce ta yaya za ta san inda za ta soka? Sai ta jawo irin na'urar sikanin da aka yi min ina da ciki, ta shafa masa man nan mai sanyi a baya, ta juyo min da allon. Na ga abin da idona, baƙi, yana motsi in ya ja numfashi. Ta ce haka za ta riƙa kallon allurar har ta isa, kuma za a kashe wurin don kada ya ji zafi. Ba ta ɓoye min ba, ta ce wani lokaci iska kan shiga ko jini ya ɗan fita, shi ya sa za su riƙe shi su duba.

Sai yayansa mai shago a Gwarinpa ya ji. Wai daji ne, daji kuma ba a taɓa shi da ƙarfe, allura na shiga zai fusata ya bazu, gida zai kai shi a yi turare da shafi. Na ce Yaya ai ba a ma san ko dajin ba ne. Ya ce a ina na yi karatun likita, ni da ko firamare ban gama ba?

Shi maigidan a gaban Yaya sai "to, to". Da muka rage mu biyu ya ce, "Maman Hanifa, ina son sanin abin da ke cina, amma shi ya riƙe ni tun rasuwar Baba."

Likita ta ba mu Laraba, Yaya ya ce Talata zai zo da mota. Mijina dai ba zai hau motar nan ba, ko da za a ce ba ni da kunya. Tambayata, in je shagon in faɗa masa ido da ido, ko in bari ya zo ya tarar da ni tsaye a bakin ƙofa? Wanda zai ce in bar su su tafi kuwa, ya fara gaya min me zan faɗa wa Hanifa in turaren bai yi ba.