Shekara Ɗaya Nake Roƙo, Malamina

Zuwa ga Malamina, sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, iskar da ke riga ruwan sama isowa, farin watan da ba ya gundurar mai kallo,

Ina gaishe ka gaisuwar da ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na ɗauko biro da takarda. Ina fata kana lafiya, kai da Mama da Auta, da yaran nan naka na darasin hutu da ba sa barin ka ka huta.

Yanzu lokacin cin abincin rana ne. Kowa ya sauka ɗakin cin abinci, ɗakin gwaji ya yi tsit, sai ƙugin injinan ƙasa da kunnena ya saba da shi. Ta taga ina hango manyan motoci sun yi layi ana loda musu kwalayen sabulu. Komai a nan ƙamshi yake yi, masoyina, hatta matakalar bene. Ranar nan Gwaggo, da nake zaune a gidanta, ta ce tun da na fara zuwa kamfanin nan ta daina sayen turaren ɗaki, in na shigo kawai ya wadatar!

Ka san yadda na zo koyon sanin makamar aikin nan, gabana yana faɗuwa. Ranar farko aka rataya min katin shaida a wuya, aka ba ni farar riga da ta yi min yawa har sai da na naɗe hannuwanta. Na ɓata a hawa na sama, na buɗe ƙofa sai ga ni tsakiyar taron manyan manajoji, duk suka juyo suna kallona. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige! Makonnin farko kuwa wankin kwalaben gwaji kawai nake yi da manna musu suna, har na fara tambayar kaina ko don wannan na yi shekaru ina haddace sinadarai.

Shugabar sashenmu mace ce mai shiru, ma'aikata suna ce mata Uwar Hanci a bayan idonta, domin da ta shinshina sabulu sau ɗaya za ta faɗa maka man da ya yi yawa a ciki. Wata rana ta ajiye min sabulun jarirai a gabana, ta ce, “'Yata, wannan yana fita daga nan da ƙamshi, in ya kwana biyu a shago cikin zafi sai ya koma kamar ba a sa masa komai ba. Ki shiga cikin masu neman dalili.” Malamina, ka taɓa jin zuciyarka ta yi tsalle da tsoro da murna a lokaci guda? Mun haɗa, mun gasa, mun jira, mun zubar, mun sake haɗawa. Sau da yawa na koma gida hancina ya mutu, ko abincin Gwaggo ba na jin ƙamshinsa. Daga ƙarshe muka gano takardar da ake naɗe shi ce take shanye turaren. Ni aka sa na tsaya na yi bayani a gaban manajojin nan da na taɓa faɗawa cikin taronsu, kuma muryata ba ta yi rawa ba.

Ka san dalilin da ya sa ba ta yi rawa ba? Kai na tuna. Na tuna yammacin nan kafin jarrabawata, a ƙarƙashin bishiyar harabar makarantarku, bayan yara sun watse. Ka ajiye littattafan da kake dubawa, ka karɓi nawa, ka ce kai za ka yi min tambayoyi. Kana karanto sunayen sinadarai kana karya su gida uku, ina dariya har da hawaye, kai kuwa ka ɗaure fuska kamar mai sa ido a jarrabawa kana cewa, “Ɗaliba, a bar dariya a ba da amsa.” Ganye yana zubo mana, rana tana yin ja, ba ka tashi ba sai da na amsa duka. Wa ya taɓa yarda da ni irin yadda ka yarda a ranar? Wa ya taɓa ɗaukar burina kamar nasa?

Shi ya sa kai na fara kira da Uwar Hanci ta ce kamfani zai ɗauke ni aiki da zarar na gama karatu. Sharaɗin ɗaya ne: shekarar farko a nan zan yi ta, a babban ofis, kafin a mayar da ni reshen da ke kusa da gida. Na kira ka bakina ya ƙi rufuwa don murna. Kai kuwa sai ka ce, “Allah ya sanya alheri,” da muryar da ake yi wa baƙo. Tun daga nan gaisuwarka ta gajarce. Jiya ƙanwarka Auta ta kasa haƙuri ta faɗa min abin da ka ce a gida: wai ni yanzu ta manyan benaye ce, kai kuwa malamin firamare ne, ba za ka zama igiya a ƙafata ba, gara ka janye tun da sauran mutunci.

Haba, hasken raina! Igiya? Kai da ka zame min ƙasar da shuka ke kafa saiwa a ciki? Yaushe tsuntsu ya raina reshen da yake komawa idan fiffikensa ya gaji? Kada ka ga laifin Auta, kuka ta yi kafin ta faɗa. Ni ma ban yi fushi ba. Na san ƙauna ce ta sa ka faɗi haka, irin ƙaunar da ke cutar da kanta don kada ta takura wa wani. Amma ka yanke hukunci a kan zuciyata ba tare da ka tambaye ta ba, kuma wannan ya yi min ciwo.

Na ga manyan benayen, Malamina. Na ga masu kwat da manyan motoci, cikinsu akwai mutanen kirki sosai. Na koyi aiki, na koyi tsayawa a gaban mutane in faɗi abin da na sani. Amma duk yammacin da motar ma'aikata ta sauke ni a bakin layin Gwaggo, labarin ranar yana cika min baki, kuma mutum ɗaya tak nake so in ba shi. In na yi nasara, kai nake nema. In gwaji ya lalace, kai nake nema. Wane irin girma ne zai raba rafi da mafarinsa?

Ba zan ɓoye maka ba, ina son aikin nan. Ina son sa ƙwarai, kuma na san da na ce maka ba na so, da ka gane ƙarya nake. Na ce wa shugabata ina so, amma akwai wanda zan fara shawara da shi. Ta cire tabarau ta dube ni, ta yi murmushi, ta ce, “Je ki, 'yata. Aiki zai jira ki mako guda. Irin wannan mutumin kuwa ba a barin sa cikin zullumi.” Umma ma ta sa albarka. Kai kaɗai ka rage.

Shekara ɗaya nake roƙo, abin ƙaunata. Damina guda, rani guda. Ba roƙon ka sake ni nake yi ba, roƙon ka riƙe ni nake yi, riƙo mai tsawon da zai kai nan. Mu tsayar da maganar aurenmu kafin in dawo wannan aiki, kowa ya san ni taka ce, in zo da sunanka a bakina, in koma gare ka duk hutun da na samu. In kewa ta yi mana nauyi, mu raba ta biyu, kowa ya ɗauki rabi.

Ranar Asabar nake gamawa, zan biyo motar safe. Ka zo tasha da kanka, ko da farin alli a hannunka. Jakata ta yi nauyi da kyautar da aka ba mu ta bankwana, kuma na riga na faɗa wa yayana kada ya wahalar da kansa, akwai mai zuwa ɗaukata. Kada ka sa in yi ƙarya, Malamina.

Taka a nan, taka a can, taka muddin ina numfashi,

Ɗalibarka