Takarda Arba'in, Amsa Ɗaya

Unguwar Hajara, Sabha
3 ga Maris

Maman Naomi, Rautha tawa,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina gajiya, ya yara, ya ƙafar Baba? Ni lafiya lau, sai zafin walda da kewarki.

Albishirinki! Na ci jarrabawar Tsohon Alkawari, na ci ta Tarihin Ikkilisiya, duk a wayar nan tawa mai fasasshen gilashi. Darasi ɗaya ya rage tsakanina da digirin kwalejin tauhidi, wato Nazarin Zamantakewa. Ki ce wa Baba rigar yaye ɗalibai da ya rantse sai ya gan ni a ciki kafin idonsa ya ƙarasa mutuwa, ta kusa.

Malamarmu, Dakta Briskila, ta ce kowa ya raba takardar tambayoyi ga mutum arba'in a cocinsa. Na shaida mata a ɗakina ni ne fasto, ni ne mawaƙa, ni ne zumuntar mata. Ta ce in nemi kowace jama'a. Sai na tuna majalisar shayin Malam Zulkiflu, dattijon Damagaram mai sayar da tayoyi a gefen shagonmu, inda direbobi da leburori ke haɗuwa ran Juma'a bayan la'asar. Fasto suke kirana, na gaji da gyara musu. Aikin nan kamar an gama.

Mijinki,
Irmiya

18 ga Maris

Maman Naomi,

Ina fata kuna lafiya. Ki zauna kafin ki karanta.

Na je majalisa da takardu da biro a aljihun gaba, irin na manyan malamai. Ina fito da su wuri ya watse. Faïçal direba har takalmi ɗaya ya bari. Ni da shekara huɗu a Sabha, a ƙasar Larabawa, na manta cewa a nan mai tambayar suna da ranar shigowa ƙasa ɗan sanda ne kawai, rabin mutanen kuwa ba su da iƙama, takardar zama. Boko ya rufe mini ido.

Malam Zulkiflu ya ji tausayina, ya karɓi takardun, ya ce in bar masa. Bayan mako ya kawo su a cike. Don murna ban karanta ba, na ɗauki hoto na tura.

Jiya Dakta ta rubuto. Mutum arba'in, kowa sunansa Bawan Allah, kowa shekararsa sittin da uku, kowa na fama da ciwon baya, kowa na ganin yaran yanzu ba sa iya dafa shayi. A tambaya ta goma sha biyu, wa kake nema in ka shiga matsala a ƙasar nan, kowa ya ce junanmu. Rubutun ma na hannu ɗaya ne. Ta ce ƙirƙira na yi, kwamiti zai zauna ran Litinin, hukuncin kuwa kora ne.

Na je wa Malam a fusace, na tarar ya fi ni mamaki. Wai ina aka taɓa ganin yaro ya amsa tambaya babba yana zaune? Ya ce ai ya tara su ya karanta musu amsoshinsa, babu wanda ya musa. Na karanta yadda bishop-bishop suka yi ta gardama a babban taron ikkilisiya na Nikiya kafin su zama baki ɗaya. Da sun sami Malam, butar shayi ɗaya ta ishe su.

Rautha, tsoro nake ji. Shekara uku ina karatu da hannu mai ƙunar walda. Kada Baba ya ji.

Naki,
Irmiya

24 ga Maris

Rautha tawa,

Gaisuwa mai yawa gare ki da yara. Yanzu ki kira Baba ki karanta masa.

Ran Juma'a Malam ya aiko a kira ni, na tarar da majalisa cike har bakin titi. Ya ce in kira malamar ta bidiyo. Ya jingina wayar da buhun gawayi, ya gaishe ta, ya tambayi maigida da yara da ruwan bana. Sannan suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa da cikakkiyar gaisuwarsa. A mutum na tara Dakta ta ce ta gamsu, tana da taro. Malam ya ce a majalisarsa baƙo ba ya tashi sai an sha kofi na uku. Baiwar Allah ta zauna, har ta aika aka haɗa mata nata.

Amma ba wannan ya sa ni hawaye ba. Mutanen da ke gudun biro su ne suka kawo fuskarsu gaban baƙuwa, kowa ya faɗi sunansa na gaskiya da garinsu. Faïçal da na sani shekara huɗu, ashe Abdoul Latif ne ɗan Tawa. Ya ce mata Fasto ba ya ƙarya, wauta ce kawai ke damunsa.

Dakta ta yi dariya har ta cire tabarau. Ta janye ƙara. Takarduna dai ta ba su sifili, amma ta ce in rubuta shafi goma kan dalilin da mutum arba'in ke amsawa da baki ɗaya, in ya yi kyau na wuce. Na riga na kai shafi bakwai.

Da za mu tashi Malam ya miƙo mini wata takarda da ta yi saura, ya ce lissafina bai cika ba, mu arba'in da ɗaya ne. Ya rubuta Irmiya a sama. Shekara sittin da uku, ciwon baya. Na duba tambaya ta goma sha biyu, ban gyara komai ba.

Ki gaida Baba, ya fara neman hular zuwa biki.

Mijinki mai ciwon baya,
Irmiya