Baba ya zuba wa kifina kanwa, ni kuma na riga na rantse

Assalamu alaikum Admin da 'yan uwa, a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, yau kwana uku zuciyata na tafasa.

Ni ɗan Ruma ne amma a cikin Batsari nake zaune da iyalina. Tunda gonarmu ta bakin daji ta daina shiguwa, na gina kwamin siminti a tsakar gida na fara kiwon tarwaɗa. Akan sa ɗan gishiri a ruwa in kifi ya yi rauni, amma da awo, in ya zarce kashe su yake. Shi ya sa na je har Katsina na sayo 'yar na'ura kamar biro, mai shagon ya ce da irinta ake gwada gishirin ruwan iyo na manyan otal. Kullum da safe sai na tsoma ta na ga lamba kafin na ba su abinci.

Mahaifina yana wurina tun da ɓarayin daji suka kore masa shanu. Ba shi da aiki sai zama bakin kwamin nan yana kallon kifi. Tun farko ya raina na'urar, wai me biro ya sani, sai ya tsoma yatsa ya lasa ya ce ruwan salam yake. Na faɗa masa ya fi sau goma, Baba kifi ba saniya ba ne.

Ranar Asabar na tafi ɗaurin aure Safana, na bar kifin ba sa cin abinci sosai. Da la'asar na dawo na tarar da su sun juya ciki sama, gaba ɗaya, saura sati biyu na kwashe. Na tsoma na'ura, lamba ta haura har na ɗauka batir ne ya lalace. Matata takan shanya gishirinta a bakin kwamin, na sha hana ta, sai na ɗauka nata ne ya zube. Na yi ta faɗa har maƙwabta suka leƙo, na rantse da Allah duk wanda ya yi wannan ba zai ƙara mako a gidana ba. Ta fara hawaye. Baba na zaune yana jan carbi.

Sai da na zubar da ruwan na ga dunƙulen kanwa da gishirin shanu a ƙasa. Ashe ya ga ba sa ci ne, ya yi musu abin da yake wa saniya in ta ƙi kiwo. Kuma a gaban matata ya zuba, wai kunyar suruki ta hana ta magana. Kunya! Ga waya a hannunta.

Abin da ya fi ƙona min rai, har yau bai ce yi haƙuri ba, cewa yake abin da ke tada saniya ba ya kashe kifi. Kuma ya ɗaure kayansa zai koma Ruma, inda kowa ya san abin da ke faruwa. Na ce zan yi kaffara, na tambayi malami ya ce ya halatta. Baba ya dube ni ya ce, "Kaffara tsakaninka da Allah ce, yaro. Ni kunnena ya ji. In tahi inda ba a ƙirga mani kwana."

Haushinsa nake ji, wallahi ba zan ɓoye ba, wahalar wata biyar ya kashe min a yini ɗaya. In na durƙusa yanzu bakina ne kawai zai yi magana, kuma zai gane. In na jira na huce, ya riga ya yi magana da mai mashin, jibi bayan asuba.

Yanzu haka yana zaune bakin kwamin da babu ruwa, da sandarsa da jakarsa a gefe. Don Allah ku da kuka san halin tsofaffi, me zan faɗa masa ya kwance jakar nan?