Na Ci Gwanjon Motar Kawu, Taubashina Ya Daina Zagina

Malam Jibo, don Allah ka taimake ni da shawara, abin ya fi ƙarfin kaina. Ka yi haƙuri da rubutun, na yaƙi da jahilci ne, da girmana na koye shi. Kuma kar ka sa sunana a jarida, ko da yake duk wanda ke Tasawa ran gwanjon nan zai gane ni, don a bainar jama'a na tafka wautar.

Ni ɗan kasuwar wake ne, gidana na Urafane, ina da ɗan sito a Tasawa. Ina da taubashi, ɗan kawuna, sunanshi Cha'ibu, facin taya yake yi bakin tasha. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa kamar mutanen kirki ba. Shi ya ce mani bawanshi, ni in ce mashi baƙin mai ya cinye mashi fuska har matarshi sai ta haska fitila take gane shi. Ran ɗaurin aurena shi ya ɓoye mani takalma, sai da na fanshe su da goro. Duk shekara ran cika-ciki nakan ɗauki tsintsiya in je ƙofar gidanshi karɓar kuɗin shara, shi kau sai ya sa na share har gindin turken awaki, sannan ya jefo mani dala biyar yana cewa an cuce shi da raggon bawa. Haka muke, kuma wallahi ba ni da wani da ya fi shi kusa da raina.

Ubanshi, Kawu Illo, direba ne. Tun zamanin kumandan Nasara yake tuƙa wata baƙar mota mai dogon hanci, bayan ƴancin kai ta ci gaba da ɗaukar manya, har ta tsufa aka jingine ta bayan biro, wato ofishin gwamnati. Ƴar Baƙa yake ce mata. Cha'ibu a jikinta ya koyi kwance taya, ni ma na sha dundu wurin Kawu saboda na taɓa madubinta da hannun tuwo. Kawu ya rasu bara, tsakiyar farin nan da ya cinye mamu gonaki, Allah ya jiƙan shi.

Da bazara aka yi shelar gwanjon tsofaffin motocin gwamnati. Ni ban ma ji shelar ba. Na shigo gari neman farashin dawa, na ga taro, na kutsa kai, an riga an fara. Sai ga Ƴar Baƙa an turo ta tsakiyar fili, ga Cha'ibu can gaba ya sa farar riga, abin da ban taɓa gani ba in ba ran Salla ba, yana ɗaga hannu. Dariya ta kama ni. Na ce a raina yau sai na sa ubangidana ya yi zufa. Ya taya, na ƙara. Ya waiwayo ya gan ni, ya girgiza mani kai, ni kau na ɗauka cikin wasan ne, na ƙara gyara hula. Daga jikka arba'in, wato sefa dubu arba'in, muka kai ta ɗari. Wasu ƴan kasuwar ƙarfe biyu da ke tayawa suka janye, ya rage ni da shi, mutane na ta shewa don sun san tsakaninmu. Ya ce ɗari da ashirin, muryarshi na rawa, kuma na ji rawar, Malam, na ji ta da kunnena. Amma shewar ta hau mani kai, na buɗe baki na ce ɗari da hamsin. Cha'ibu ya sauke hannu.

Ni duk zatona irin cinikin kasuwar shanu ne. Ka taya, mai kaya ya ce albarka, ka ƙara, in ka ga abin zai zo maka wuya ka juya ka yi tafiyarka, ko an sallama maka ma dillali na iya shiga tsakani a warware. Ashe na gwamnati ba haka yake ba. Mai gwanjon ya buga guduma a tebur, ya nuna ni, aka tambayi sunana. Na fara cewa ai wasa nake da taubashina, sai na ga jandarman da ke tsaye gefe ya ɗago kai ya dube ni. Ka san lokacin da muke ciki, soja ke mulki, ba a wasa da kayan gwamnati. Na haɗiye sauran maganar. Aka ce ga ranar da zan kawo kuɗi, har da na gwanjo a kai. Da na waiwaya neman Cha'ibu, ya tafi.

Shanun huɗata biyu na kai kasuwa, a wannan shekara da saniya ba ta kai kuɗin buhun gero biyu ba, na haɗa da sauran waken da ke sito. Matata Furera ta tsaya tana kallon turken da babu komai.

Daga baya uwata, wadda take goggon Cha'ibu, ta gaya mani abin da ban sani ba. Tun Kawu na kwance Cha'ibu ya yi mashi alkawarin in an taɓa sayar da motar ba zai bari masu ƙarfe su yanka ta ba. Shekara guda yana tara kuɗin faci, har keken shi ya sayar. Bai gaya mani ba don ya san zan yi mashi dariya. Kuma gaskiyarshi, da na yi.

To motar ma ba ta hau hanya ba. Na sa makanike ya tashe ta da ƙyar, muka nufi Urafane, ko fita gari ba mu yi ba jandarmomi suka tsayar da mu a shinge. Suka nemi kartagiris, wato takardar shaidar mota, suka nemi asiransi, wato inshora, ni kau rasit ɗin gwanjo kaɗai ke aljihuna. Suka ce ai tun kafin a fara an faɗa da ƙarfi cewa an cire motocin nan daga aiki, ba takardun hawa hanya, wanda ya saya shi zai nema. Kowa ya ji, ban da ni da na zo a makare. Sun yi mani mutunci, ba su kama ta ba, amma da turi muka mayar da ita bakin sitona. Tana nan har yau, awaki na kwana ƙarƙashinta. Wani zuwa da na yi na tarar an ɗora ta bisa duwatsu, an rufe tayoyin da tsohuwar tabarma saboda rana. Ban tambayi wanda ya yi ba, kunya ta hana ni.

Abin da ke cin raina shi ne Cha'ibu bai yi faɗa da ni ba. Ina ma ya yi! Yanzu in mun haɗu sai ya miƙe tsaye, ya ba ni hannu biyu, ya tambayi iyali da gajiya, ya kira ni Alhaji, ni da ko Maraɗi ban cika wucewa ba. Na ce mashi baƙin mai, ya yi murmushi ya ce Allah ya ba ni haƙuri. Wallahi gara mari. Na aika wani dattijo ya gaya mashi ya kawo abin da ya tara ya ɗauki motar, ya aiko da godiya, wai kuɗin sun tafi ga hatsi, Allah ya sanya mani albarka a abin da na saya.

Yanzu ga wata sabuwa. Wani Bature da ke aikin rijiyoyi wajen Mayahi ya ga motar, ya zagaya ta kamar mai duban amarya, ya ce zai ba ni jikka ɗari huɗu ya tafi da ita ƙasarsu. Wani malamin lakwal, wato makarantar boko, kuma ya ja ni gefe ya ce kar in yarda, wai can masu kuɗi na tara irin waɗannan tsofaffin motoci, a gwanjonsu tana iya kai miliyoyi. Ni kaina ya ɗaure. Bana da hauya muka yi noma, rumbu wayam, dawar taimako muke ci, kuma kaka da saura. In na sayar, na mai da shanuna, yara su ƙoshi, amma motar Kawu ta haye teku, kuma ni na raba Cha'ibu da ita har sau biyu. In na ba shi kyauta, da me zan dubi Furera? In na jira miliyoyin malamin lakwal fa? Baturen ya ce ƙarshen wata zai tashi. Na yi nadama iyakar nadama. Ka gaya mani yadda zan yi in samu taubashina ya dawo.

Bawan da ubangidanshi ya ƙi, Urafane.

*

Ɗan'uwa, na karanta takardarka, rubutunka kuma ba laifi. Ba zan ƙara maka faɗa ba, wanda kake yi wa kanka ya isa. Abu ɗaya kawai zan ce: wasan taubashi halal ɗinka ne, amma lokacin da ka ji muryarsa na rawa, wasa ya ƙare, kai ne ba ka tsaya ba. Shi ma yana da nasa ɗan laifin, da ya ɓoye maka alkawarin da ya ɗauka. Sai dai kar ka je masa da wannan.

Mu fara da hanya. Kar ka sake tayar da motar nan ka hau titi, mutuncin da aka yi maka sau ɗaya ba lallai a sake ba. Motar da aka cire daga aiki, kafin ta koma hanya sai an yi mata sabuwar rajista, a duba lafiyarta, a biya asiransi, ga kayan gyaranta da sai an tona kafin a samu. Kana iya zuwa Maraɗi ka tambaya da bakinka, amma ina kyautata zaton abin da za ka kashe zai fi abin da ka saye ta. Kuma ko an gama, mota mai ƙasa-ƙasa irin wannan ba ta yashin Urafane ba ce.

Maganar miliyoyi kuwa, malamin bai yi ƙarya ba, akwai masu sayen tsohuwar mota da tsada saboda tsufanta. Amma wannan farashin can ne, bayan kuɗin jirgin ruwa da na duwan, wato kwastan, da gyara na shekaru, a tsakanin mutanen da cikinsu ke cike. Darajarta a wurinka ita ce abin da mai saye zai sa maka a hannu a Tasawa. Ɗari huɗu tayi ne mai kyau, ana iya neman ƙari, amma kar ka bar yara da yunwa kana jiran mai sayen da ba ka san ranar zuwansa ba. In an yi ciniki, a yi shi gaban shaidu da sanin hukuma, takardun fitar da ita kuma su zama wuyan Baturen.

Don haka ni ban ga laifi a sayarwa ba. Alkawarin Cha'ibu shi ne kar a yanka ta, wannan mutum kuwa gyara ta zai yi ya adana. Ban kuma yi zaton Kawu Illo zai so ƙanwarsa, uwarka, ta kwana da yunwa saboda ƙarfe ba. Amma laifi ne babba ka sayar Cha'ibu ya ji a bakin tasha. Kuskurenka na biyu ma shi ne dattijon da ka aika. Suruki ake aika wa dattijo. Taubashi da ƙafarka kake zuwa, ranar da ka aika masa wani, ka nuna masa kai ma ka mai da shi baƙo.

Ka je ka same shi shi kaɗai, ba gaban ƴan tasha ba. Ka ce masa ka ji rawar muryarsa ranar nan kuma ka ci gaba, ka nemi gafara, kar ka haɗa da ko kalma ɗaya ta wasa. Ka gaya masa maganar shanu da rumbu yadda ka gaya mini. Sannan ka sa maganar motar a hannunsa. In ya yarda a sayar, shi zai yi cinikin, don ya fi ka sanin abin da ke cikinta, ka mai da shanunka, abin da ya ragu ku raba. Ku kira mai hoto ya ɗauke ku a jikinta, Cha'ibu kuma ya cire abin da yake na ubansa ne, ko da matashin kujera ne. In ya ce ba ya so ta tafi, ku zauna da uwarka da Furera a ga yadda zai riƙa rage maka asarar a hankali. Wannan ya fi wuya, amma hakkinsa ne a tambaye shi.

Ban ce zai sake da kai a ranar ba. Sai dai ka yi tunani, duk Tasawa wa ya damu da rana ta ci tayoyin motar da ba tasa ba, har ya ɗauko duwatsu da tabarma?

Cika-ciki ya kusa. Ko me aka yanke kan motar, ka ɗauki tsintsiyarka ka je ƙofar gidansa kamar kullum, ka share har gindin turken awaki, ko bai fito ba ka ci gaba da shara. In ya ba ka hannu biyu ya kira ka Alhaji, ka yi haƙuri ka koma baɗi. In kuwa ya leƙo ya ce wane raggon bawa ne ke tayar masa da ƙura, to ka gode wa Allah, ka miƙa hannu ka karɓi dalarka biyar.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya jiƙan Kawu Illo, ya sa ka sha zagi kafin kaka.

Malam Jibo