Tocilar da Na Hana

Dogon Dutsi, daren Talata

'Yata Rakiya ta dawo daga lise, makarantarsu ta sakandare, ko tuwo ba ta taɓa ba. A jarrabawar fiziki mushe, malaminsu, ya ba su pil, wato batir, da waya da ƙwan fitila, ya ce kowa ya haɗa. Nata bai kama ba.

Ranar Lahadi ta roƙi tocilata ta kwance ta gwada. Na hana, na ce ta yi hadda yadda muka yi a allo. Ta haddace kuwa.

Ɗazu ta ce mini, "Inna, bakina ya sani, hannuna ne bai sani ba."

Ni ma alwala, ai hannuna Gwaggo ta kama ta koya mini. Na ajiye mata tocilar bakin katifarta.